Babbar Tukunya, Ƙaramar Saiwa

Da hantsin Litinin aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa an yi sata a gonar Mme Malerato, wato Uwargida Malerato a yaren mutanen Lesotho. Sufeto Seabata bai samu fita ba sai da rana ta karkata, don motar ofis ɗaya ce tilo, kuma shugaban ofis ya riga ya fice da ita bai ce wa kowa uffan ba.

Da motar ta dawo, sai ga wata matashiya a kujerar baya, sanye da shuɗiyar rigar aiki da takalman roba. Gaban rigar ya jiƙe. Seabata uban 'ya'ya uku ne, ya san ma'anar wannan jiƙewar. Akwai jariri a wani gida yana jiran uwarsa.

"Na rage maka aiki, Seabata," in ji shugaban yana miƙa masa makullin mota. "Ga ɓarauniyarka. Puleng sunanta, a gonar take aiki. Wanta ya taɓa zaman kaso kan ƙetarar da wiwi zuwa Afirka ta Kudu. Alhamis da safe za ta hau kotu."

"Kayan da aka sace fa, Ntate?" Haka ake kiran namiji da girmamawa a ƙasar, kamar a ce Baba.

"Wannan kuma aikinka ne. Ko shi ma ni zan nemo maka?"

Shugaban nasu irin mutanen nan ne da ke kama ɓarawo tukuna, sannan su tambayi abin da aka sace. Idan yarinyar ta hau kotu da sunan wanta a kanta, ba wanda zai yi zancen beli. Gidan yari za a wuce da ita, jaririn kuma sai yadda hali ya yi.

Seabata ya kira Saje Moipone, mace mai faɗin kafaɗa wadda ba ta ɓoye abin da ke ranta, suka shiga mota. Allurar mai tana kwance a kan ja.

"Ya tafi kamun ɓarauniya, ya shanye mana mai," in ji Saje. "In ta mutu a hanya, kai za ka tura, Ntate Sufeto. Ni bayana ciwo yake."

Gonar tana gindin dutse, rumfunan leda a jere, an kewaye su da shingen waya. Tun da gwamnatin Lesotho ta fara ba da lasisin noman wiwi na magani, irin waɗannan rumfuna suka fara tsirowa nan da can. Ta Mme Malerato tana cikin ƙanana. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta zuba duk abin da ta mallaka a ciki, kuma tana magana da kowa kamar majinyacin da ya ƙi shan magani.

"Shuka shida aka ɗauke," ta ce tana tafiya a gabansu. "Kada ka dube ni haka, Ntate. Ba shuka ba ce kawai, uwaye ne. Daga jikinsu ake yanko duk dashen gonar nan. Tsofaffin uwayen sun gaji, mun ƙone su watan jiya, muka tayar da waɗannan ƙanana su gaje su. In sun tafi, irin ya tafi ke nan."

"Su wa ke da makullin ɗakin da ake ajiye su?"

"Ntate Mokhele, shugaban manoma, da Tankiso, masanin gona. Amma ai ga kwaɗon nan an fasa."

"Kyamara fa? Na ga ɗaya a saman ƙofa."

"Tana aiki sarai. Jiya-jiyan nan ne kawai ta ɗan samu matsala."

Saje Moipone ta taka wani bokiti, ta leƙa bayan kyamarar, ta zaro busasshiyar ciyawa da gashin tsuntsu.

"Mme, tsuntsun nan gwani ne," ta ce. "A dare ɗaya ya yi sheƙa, ya yi ƙwai, ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka tashi."

Mme Malerato ta gyara bargon kafaɗarta. "To, tun bazara ta lalace. In masu ba da lasisi suka ji, ni ce a ciki. Ka rufa min asiri."

Seabata ya ja tsaki a zuciyarsa. Ƙarya ta farko ke nan, kuma ko ɗakin ba su shiga ba.

Ɗakin uwayen ɗan ƙarami ne, mai ɗumi. A gefe ɗaya akwai dogon tebur, babu komai a kai. A ƙasa kuwa manyan farantan roba shida ne a jere, siririn tiyo ya ratsa su daga wani tanki da ke waje. A kowane faranti akwai ɗan abu mai iyo, wanda ke buɗe ruwa in ya ragu, ya rufe in ya cika. Seabata ya durƙusa ya sa yatsa. Ruwa ne kwance, mai yauƙi, yana wari irin na kududdufin da ya kwana biyu.

Daga nan aka nuna musu inda aka yanke shinge, kusa da tankin. Ƙofar 'yar ƙarama ce, daidai siririyar mace ta sunkuya ta wuce. Seabata ya tsaya yana kallonta, ransa a ɓace, don ta yi daidai da zancen shugabansa fiye da yadda yake so.

Ntate Mokhele yana zaune a bakin rumbun kaya yana shan ranar yamma, ya naɗe cikin bargo mai launin toka. Tsoho ne dogo, hannayensa kamar saiwar itace. Bai tashi ba.

"Yaushe rabonka da ganin shukokin, Ntate?"

"Asabar da yamma. Shar suke, kamar an wanke su."

"Lahadi fa?"

"Lahadi ranar Ubangiji ce. Mai gadi ya tafi coci, na zauna masa a bakin ƙofa, ya dawo, na tafi gida. Ban shiga ɗakin ba."

"Wa ya ba shugabanmu sunan Puleng?"

Tsohon ya dubi dutsen da ke gabansu, inda ƙanƙara ta yi fari a ƙololuwa. "Ya tambaye ni wa ke zuwa wajen shingen can. Na ce ita ke cika tanki. Ya tambayi danginta, na faɗa masa. Ni na koya wa yarinyar nan aiki, kamar 'yata take. Amma jini ai jini ne."

"An ce irin shukar da aka sace naka ne."

Nan fuskar tsohon ta buɗe. "Na mahaifina ne. A kan dutsen garinmu ya shuka shi tun 'yan sanda irinku suna bin mu da dawakai. Shuka ɗaya sai ta fi mutum a kan doki tsayi. Yanzu an zo mana da yaro mai takarda, ya ce a bar ƙasa, a yi shuka a dusar ɓawon kwakwa da aka ɗauko daga bakin teku. Ya ɗauki 'yar dutse ya cusa ta a tukunyar da ba ta fi kofin shayi ba. Ka taɓa ganin an ɗaure saniya a akurkin kaji?"

"Ka faɗa masa haka?"

"Na faɗa har na gaji. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau dutse ba zai hango ba."

Tankiso ba ya nan, an ce ya fita sayen kaya. Suka koma ofis da sauran man da bai kai cikin cokali ba, Saje tana yi wa motar addu'a a kowane hawa.

Talata da safe Seabata ya sa aka fito da Puleng ɗakin tambayoyi. Ba ta yi barci ba. A kan bencin waje mahaifiyarta na zaune da jaririn, yana kukan da ya riga ya dusar masa da murya. Shugaban ofis ya ce ba a shigar da yara bayan kanta, doka ce.

Seabata ya leƙa, ya ga motar ba ta nan, shugaban ya fita ke nan, ya ce wa Saje ta shigo da yaron. Sai da ya kama nono ɗakin ya yi shiru.

"Ausi Puleng, me kike yi a gonar?" Seabata ya tambaya, yana kiranta 'yar'uwa da yarensu.

"Wanke tukwane, jiƙa dusa, cika tankuna."

"Kina shiga ɗakin uwaye?"

"Ba ni da makulli, Ntate. Tankinsu a waje yake, nan na tsaya."

"Kin ga wanki kwanan nan?"

"A'a," ta ce.

"Puleng," in ji Saje, "kowa na yi mana ƙarya a maganar nan. Ke ce kaɗai ƙarya za ta ci."

Hawaye ya zubo mata. "Na je wurinsa Lahadi. Ba shi da lafiya, tari yake. Na kai masa koko. Na san in na faɗa za a ce kayan na kai masa."

Seabata ya dafe goshi. Ga wadda yake ƙoƙarin fitarwa, ita ma tana haƙa wa kanta rami. Ya ce, "Bar wannan. Ba ni labarin tankin."

"Wane labari gare shi? Da farko ba ya raguwa, don an ce famfon a rufe yake. Rannan na zo na tarar ya sauka sosai a yini ɗaya, na cika. Daga nan ya koma ba ya motsi. Kullum in duba, yana nan inda yake."

"Yaushe ke nan?"

"Mako biyu ya wuce, ko kusa."

"Kin faɗa wa wani?"

"Na faɗa wa Ntate Mokhele. Ya ce sanyi ne, shuka ba ta shan ruwa da sanyi, in je in yi aikina."

"Tankiso fa?"

"Abuti Tankiso ai ba ya nan lokacin," ta ce, tana kiransa yaya da yarensu.

Seabata da Saje suka dubi juna. A waje aka ji ƙarar mota. Saje ta karɓi yaron daga ƙirjin uwarsa bai ƙoshi ba, ta fita da shi ta ƙofar baya, kukan ya dawo sabo.

Sai da Seabata ya zuba mai da kuɗin aljihunsa suka koma gonar. Tankiso saurayi ne mai tabarau, ya tarbe su da fara'ar da ta wuce kima.

"Kullum ina duba su, Ntate Sufeto. Safe da yamma. Jumma'ar nan ma na gan su, lafiya lau."

"A ina suke zaune?"

"A kan tebur, cikin ƙananan tukwane. Da hannu ake ba su ruwa. Famfon tanki a rufe yake, ni na rufe shi da kaina."

"Zo mu gani."

Seabata ya kai shi ɗakin. Ya shafa tebur ya nuna masa tafin hannunsa, ƙura ce busasshiya. Sannan ya nuna masa farantan ƙasa da ruwansu mai wari. Tankiso ya durƙusa, ya shinshina, ya bi tiyon har bakin bango ya taɓa famfon. A buɗe yake. Fara'ar ta bar fuskarsa.

"Safe da yamma, ko?" in ji Saje. "Da wane idon?"

"Na yi tafiya," ya ce a hankali. "Wata babbar gona a ƙetaren iyaka ta kira ni gwajin aiki. Na ce wa Mme kakata ce ba lafiya. Ita kuma tana can birni, Maseru, ba ta san na daɗe haka ba. Jiya na dawo. Don Allah kada ta ji."

"Kowa a gonar nan yana da abin da ba ya son a ji," in ji Seabata, muryarsa ta fara tashi. "Akwai yarinya a kulle, ɗanta na kuka a kan benci, ku kuna ta rufa wa kanku asiri. Faɗa min, me zai sa a buɗe wannan famfo?"

"Sai in an sauko da su ƙasa, cikin manyan tukwane. Farantan nan na manya ne, masu cin lita ashirin da biyar." Ya cire tabarau ya goge. "Amma ba su kai ba. Ko kusa ba su kai ba."

"Yi min bayani irin na wanda bai je makarantarku ba."

"Dusar kwakwa ba ƙasa ba ce, Ntate, kamar soso take. Tana jan ruwa daga faranti zuwa sama. In saiwa ta cika tukunya, ita ke shanye ruwan, iska ta shiga, sannan wani ya zo. In tukunya ta yi girma, saiwa kuma 'yar mitsitsiya, ba mai shan ruwan. Dusar ta zauna jagab, saiwar ta shaƙe ta ruɓe, balle a wannan sanyi. Shi ya sa ake bi daki-daki, daga ƙarama zuwa matsakaiciya. Ko an matsar ma, da hannu ake ba da ruwa har saiwa ta taɓa gindin tukunya, sannan a buɗe famfo."

"In aka buɗe tun ranar farko fa?"

"Tanki zai sauka da yawa a yini ɗaya, don dusar na sha. Daga nan ya tsaya."

"Don me zai tsaya?"

"Matacciyar saiwa ba ta shan ruwa."

Seabata ya ce a buɗe musu rumbun kaya. A kan kanta, bayan buhunan dusa, suka tarar da ƙananan tukwane shida an wanke su tas an kife, kowace da lambar ɗakin uwaye a jikinta. Ƙunshin manyan tukwane kuwa an yage ledarsa, an ɗebi na sama.

"Ɓarawo mai tarbiyya," in ji Saje. "Ya sauya wa shuka gida, ya wanke tsohon, ya adana."

Seabata ya ɗauki babbar tukunya ɗaya, ya nufi shinge da ita. Ya tura ta ƙofar da aka yanke. Ta ƙi shiga. Ya juya ta a kaikaice, ya danna da gwiwa, ta ƙi. Wannan babu komai a cikinta ke nan, balle a cika ta da jiƙaƙƙiyar dusa.

"Ta babbar ƙofa suka fita," ya ce. "Ina Ntate Mokhele?"

Mme Malerato ta ce bai zo aiki ba yau. Ya aiko cewa zazzaɓi ne, ya tafi garinsu a kan dutse.

Seabata ya buga wa shugabansa waya ya ce a saki Puleng. Amsar ta zo a taƙaice: "Tukunya ba ta magana a kotu, Seabata. Kawo min kayan, ko ka kawo min mutum. In ba haka ba, Alhamis tana nan."

Ya sa ɗaya daga cikin ƙananan tukwanen a aljihun kwat ɗinsa. Rabonsa da jin haushi irin na ranar har ya manta.

Laraba da sassafe suka kama hanya. Mota ta kai su inda za ta iya, sauran kuma ƙafa. Iska na yanka fuska. Saje tana haki tana cewa in ta mutu a kan dutsen nan, a rubuta a kabarinta cewa tukunyar roba ce ta kashe ta. A kan hanyar akwai sawun amalanken jaki, ya nutse a laka kamar an yi masa lodi mai nauyi.

Gidan Ntate Mokhele ɗakin dutse ne mai rufin ciyawa. A bayan garken tumaki Saje ta hango manyan tukwane baƙaƙe an tara, da tsibin dusa a gefe. Ba sai ta kai hanci ba, warin ɗakin uwaye ne ya tarbe ta.

Tsohon yana can sama, a wata 'yar gona da aka kewaye da duwatsu, ya durƙusa. A gabansa ramuka shida ne a jere, an rufa musu ciyawa saboda raɓa mai ƙanƙara. Biyar kara ne kawai, baƙi, ganye ya zube. Ta shida ma ta langwaɓe, sai dai a kanta akwai ɗan toho kore.

Bai juyo ba. "Na san za ka zo."

Seabata ya zaro ƙaramar tukunyar ya ajiye a kan dutse a gabansa.

"Wa ya fitar da su daga nan, Ntate?"

Tsohon ya daɗe yana kallonta.

"Ni ne. Yaron na fita na ce yau 'ya'yan mahaifina za su miƙe ƙafa. Na ɗauko mafi girma a rumbu, na cika da dusa, na dasa, na buɗe musu ruwa su sha son ransu. A nan dutsen, in ka ba shuka fili da ruwa, godiya take yi maka."

"Sai me ya faru?"

"Kwana kaɗan ganye ya fara sunkuyawa. Na ce ƙishi ne. Na ɗauko butar ban ruwa na ƙara musu ta sama. Suka ƙara sunkuyawa, na ƙara musu." Muryarsa ta karye. "Da na tuge ɗaya, saiwar ta narke a hannuna kamar dafaffiyar taliya. Shekara hamsin ina noman abin nan, ban taɓa kashe ko ɗaya ba."

"Me ya hana ka faɗa wa Mme Malerato?"

"In ce mata me? In ce yaron da na ce bai san komai ba shi ne da gaskiya? Gara a ce an sace. Lahadi da mai gadi ya tafi coci na loda su a amalanke, ɗan'uwana ya wuce min da su. Bai san komai ba, na ce masa takin gona ne. Na fasa kwaɗo, na yanke waya. Na ce in suka ji ƙasar mahaifina a ƙafarsu za su farfaɗo, in mayar da su a hankali."

"Garin neman gira ka rasa ido," in ji Saje, ba da wasa ba a wannan karon.

"Puleng fa?" Seabata ya tambaya.

"Ban ce ta yi sata ba. Tambayata aka yi, na faɗi gaskiya."

"Ka zaɓi gaskiyar da ka san za ta kulle ta. Ka yanke waya daidai jikinta, kusa da tankinta."

"Na zaci in ba a ga kaya a hannunta ba, za a sake ta da yamma."

"Kwana biyu tana bayan kanta, Ntate. Ɗanta na kan benci yana shan ruwan sukari. Gobe kotu. Kai kana nan kana rufa wa busassun kara ciyawa." Seabata ya yi shekaru yana kama ɓarayi, amma ba wanda ya ƙona masa rai kamar wannan tsohon da bai saci komai don kansa ba.

Ntate Mokhele ya sunkuyar da kai.

Seabata ya faɗa masa laifinsa: fitar da wiwi daga gona mai lasisi, shuka shi a inda doka ba ta yarda ba, da yi wa 'yan sanda ƙarya. Saje ta tuge busassun biyar ta sa a leda. Da ta kai hannu ga ta shida, tsohon ya riƙe mata hannu.

"Ita kaɗai ta rage a duniya, 'yata. In kin tuge ta haka, shi ke nan."

"Shaida ce, dole ta bi mu," in ji Seabata. "Ga manyan tukwanenka can. A ɗauko ɗaya?"

Tsohon ya girgiza kai. Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙaramar da ke kan dutse. Da yatsunsa ya tone shukar, ya tsinke ruɓaɓɓen, ya bar 'yan fararen saiwoyi biyu da suka rage. Ya ɗebo dusa ta saman tsibi wadda iska ta busar, ya dasa, ya danna a hankali. Sannan ya miƙa hannayensa biyu aka sa masa ankwa.

Rana ta yi ƙasa lokacin da suka iso ofis. Shugaban ya dubi tsohon, ya dubi ledar, ya ce, "Dama tun farko zuciyata ba ta kwanta da shi ba."

Aka ajiye ƙaramar tukunyar a kan kanta. Saje ta je ta buɗe wa Puleng. Ta fito tana ɗan ɗingishi saboda sanyin siminti, ta wuce kai tsaye wurin mahaifiyarta, ta karɓi ɗanta ta zauna ta ba shi nono a gaban kowa. Ba wanda ya yi zancen doka.

Da yaron ya ƙoshi ta goya shi ta zo bakin kanta ta sa hannu a takardar sallama. Ntate Mokhele na tsaye a gefe da ankwa.

"Puleng," ya ce. "'Yata."

Ba ta dube shi ba.

Ɗan sandan da ke kanta ya ga shukar a langwaɓe, tausayi ya kama shi, ya ɗauko butar shayi zai zuba mata ruwa. Puleng ta tare hannunsa. Ta sa yatsa a dusar, kamar yadda tsohon ya koya mata ranar da ta fara aiki, ta ciro ta duba.

"Kada ka ba ta," ta ce. "An riga an ba ta abin da ya fi ƙarfinta."

Sai a sannan ta juyo ta dubi Ntate Mokhele ido cikin ido.

"Da ka ce min ka kashe su, Ntate, da na taya ka kuka. Da ma ni ke wanke tukwanen."

Ta gyara goyonta ta fita, mahaifiyarta na biye da ita. Saje Moipone ta kama gwiwar hannun tsohon ta wuce da shi bayan kanta, aka ji ƙarar ƙofar ƙarfe.

Seabata ya ɗauki tukunyar ya kai bakin taga, inda hantsi ke fara sauka, ya kwashe butar shayin ya kai ta can ƙarshen ɗaki.